Ɗan Jamus Ɗaya, 'Yan Indiya Bakwai

To 'yan aji, an liƙa sakamako, kowa ya ga nasa. Ni dai na haye, alhamdu lillahi, Doyan ɗinku, dattijon aji, da kuke cewa ya tsufa da karatu bai bar ko kwas ɗaya a baya ba. Tunda yau nishaɗi ya kama ni, bari in ba Hamza amsarsa. Jiya a gindin darbejiya yake cewa wai in ya samu jari harkar babura zai shiga irin tawa, ai ba wani abu ba ne, ka saya da arha ka sayar da tsada. Wai kuma shi ba zai tsaya kan ƙananan nan na 'yan kilando masu ɗaukar fasinja ba, manya zai riƙa saya, irin waɗanda Nasara ke ƙetare ƙasashe da su, don abu mai tsada ba ya faɗuwa. Hamza, mutumina, gyara zama. Sauran ku ma ku sa waya a caji, saƙon nan dogo ne.

Ina da shekara goma sha shida na ajiye lise, wato sakandare, na shiga rumfar Kawu Mamuda, wan mahaifiyata, a bakin hanyar da ke fita Garwa zuwa Pitowa. Wata huɗu na yi ina wanke babura kafin ya bar ni in duba ko ɗaya. Na farko ɗan Indiya ne, ja, wani mutumin Gashiga ya kawo. Sai ƙyalli yake, ledar kamfani na nan a kan sit, bugu ɗaya ya tashi. Na zagaya shi sau biyu na ce Kawu mu saya kafin maƙwabta su gani. Kawu ya matso. Bayan hannunsa kawai ya ɗora a jikin inji, ya ce wa mutumin ya bar shi ya kwana a rumfa, gobe a yi ciniki. Da safe na buga kik sau goma sha ɗaya kafin ya yi tari. Kawu ya zaro farin hankici ya kara a bakin salansa, ya ce in murɗa. Da ya ɗaga, hankicin ya yi ɗige-ɗigen baƙin mai. Ya miƙo min sifana mai lamba goma ya ce cire sit. A ƙasa walda ce har wuri biyu, an shafe ta da fenti. Babur ɗin jarkokin zuwa-zuwa ya sha ɗauka, fetur ɗin nan na sumoga da ake shigowa da shi daga Najeriya, har ƙashin bayansa ya karye aka ɗinke.

Kayan aikinmu ke nan kaf: bayan hannu, hankici, sifana, sai kunne. Babur ɗin da ya zo maka da ɗumi ba ka sayensa ranar. Kana kallon kan kusoshin inji, in gefensu ya cinye an taɓa buɗewa, kuma duk rantsuwar da mai shi zai yi, kusa ta riga shi magana.

Sai kuma lokaci, wanda ya fi duk wannan. Ƙaramin babur da auduga yake tafiya. Tsakiyar damina manomi ya matsu, ga taki, ga abinci ya ƙare, sai ya turo babur ɗinsa. Lokacin muke saye. In aka biya kuɗin auduga, shi ɗin dai zai dawo da aljihu cike yana neman babur. Lokacin muke sayarwa. Kuma ku lura da abin da Hamza bai sani ba: ƙaramin nan, ka hau shi shekara biyu, in ba ka buɗe inji ba kuma ba ka cire masa ledarsa ba, abin da zai zube daga kuɗinsa kaɗan ne. Shi ya sa kuke ganin mutanenmu na yawo da babur leda ta yi baƙi ta yayyage amma ba a cire ba. Ba ƙauyanci ba ne, ajiya ce. Duk ƙauyen da ka shiga akwai mai gyaransa, tayarsa ko a shagon mai sabulu ka samu, zuwa-zuwa kuwa yana sha kamar kunu.

Shekara shida na yi, Kawu ya yaye ni da babura uku da gefe guda na rumfarsa, wurin da zai ɗauki babur biyar in an matsa. Cikin wata takwas na mai da uku huɗu. Kai, a lokacin ji nake duk Garwa ba wanda ya kai ni ido.

Ana cikin haka wani Nasara ya iso ta hanyar Kuseri a kan wani ƙaton babur ɗan Jamus. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a kalanda. Inji ya fito hagu da dama kamar kunnuwa, akwatunan ƙarfe biyu a gefe, duk an manne su da tutocin ƙasashen da ya wuce. Zazzaɓi ya kayar da mutumin, yana so ya hau jirgi ya koma gida, babur ya zame masa kaya. Da Buba makanikenmu ya gaya min kuɗin sabonsa a can ƙasarsu, sai na ga ya kai ƙanana ashirin da wani abu. Shi kuwa Nasara kuɗin uku kawai yake nema. Na ce wannan ai tsintuwa ce. Na sayar da ukuna cikin kwana biyu na ba shi. Takardun duwan, wato kwastan, da kart giriz ta rajista suka cinye na huɗun.

Ranar da na turo shi rumfa layi ya tsaya. Kawu ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, bai ko taɓa shi ba.

"Wa zai saya?"

Na ce Kawu, masu kuɗi mana.

"Rumfa ta abin da ke motsi ce, Nasiru. Na ba ka kakar auduga biyu. In na biyun ta wuce yana nan tsaye, wurin na Sale ne."

Sale surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa, ya daɗe yana sayar da babura a rana a bakin titi yana hararar inuwar nan tawa. Shi ya raɗa wa babur ɗin suna Giwa. Kullum da safe zai leƙo ya gaishe ni, ya tambaya Giwa ta kwana lafiya, me ta ci yau.

Giwa kuwa tana ci. Watan farko na zuba mata zuwa-zuwa lita biyar don in yi burga zuwa Pitowa, ban kai gada ba ta fara shaƙewa. Ashe ba ta da kafireta, wasu ƙananan allurai ne ke fesa mata mai, dattin zuwa-zuwa ya toshe su. Kwana tara Buba na fama. Batir ya mutu don tsayuwa, irinsa sai Duwala. Masu kallo kuwa ba a magana, kowa ya zo ya hau a ɗauke shi hoto, har angwaye. Amma da zarar an zo ciniki tambaya ɗaya ce: in taya ta fashe a hanyar Gider, ina zan samu? Nan ciniki ke mutuwa. Wani Alhaji ya taya kuɗin ƙanana biyu da rabi, na ƙi har da jin haushi. Bayan wata uku wani ya taya biyu. Ga babur a tsaye ba ya zuwa ko'ina, amma kullum gangara yake.

Sai Allah ya kawo mai saye na gaske. Wani likitan haƙori ne daga Yawunde, yana cikin masu hawan manyan babura a can, ya ji labari ya bugo waya. Ya ce zai zo Garwa aiki nan da sati biyu, kuma in babur ɗin na yadda aka faɗa masa zai ba da abin da ya kai ƙanana biyar. Ranar ban taka ƙasa ba.

To ga inda za ku yi dariya. Ni da Buba muka ce babban baƙo na zuwa, a gyara kaya. Muka yi wa Giwa abin da muke yi wa kowane babur in za a kai shi kasuwa. Muka kankare tutocin nan kaf da reza da kananzir. Muka fesa wa inji fentin azurfa har ya koma kamar sabuwar tukunya. Muka naɗe sit da madubai da leda. Buba ya buɗe agogon kilomita ya mai da shi baya, daga dubu tamanin da wani abu zuwa dubu goma sha biyu. Kar ku ce ni kaɗai ne wawa, duk layinmu sun zo sun yaba, har Kawu ya gyaɗa kai.

Likita ya zo, ya tsaya nesa yana kallo, fuskarsa ba ta yi yadda nake so ba. Ya tambaya ko akwai littafin gyara. Akwai wani ɗan littafi da Nasara ya bar min a akwati, duk tambarin gareji-gareji, ban taɓa buɗe shi ba. Na miƙa masa da hannu biyu ina murmushi. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya kalli agogo, ya sake kallon littafi.

"Abokina, babur ɗin nan da baya yake tafiya?"

Ban gane ba sai da ya nuna min. Tambarin ƙarshe an rubuta dubu saba'in da tara. Ya ce shi dubu tamanin ba ta dame shi ba, injin nan yana cin ninkinta uku. Tutocin da muka kankare su ne rabin abin da ya kawo shi. Amma yanzu bai san me fentin nan ya rufe ba, kuma wanda ya taɓa agogo zai taɓa komai. Ya ba ni hannu, ya ce in gai da gida, ya shiga mota. Ranar na koyi cewa ƙarami da sabunta ake sayar da shi, babba kuwa da tarihinsa. Mu mun goge tarihin da reza. Tun daga ranar ban ƙara bari an taɓa agogon babur a hannuna ba, ko na wa ne.

Kaka ta farko ta wuce haka. Sannan mummunar shekara ta shigo, wadda wasunku kuna firamare lokacin. Rikici ya yi zafi a arewa, Nasara masu yawon babur suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ko ɗaya ba ka gani. Aka hana hawan babura a wurare da yawa can sama. Mutanen Marwa da Bogo da ƙauyukansu suka riƙa loda nasu a manyan motoci ana saukewa Garwa. Kasuwa ta cika ta batse. Babur ɗin da jiya ake rububinsa, yau rabin kuɗi ma ana yi maka yanga. Dillalai uku a layinmu suka rufe suka koma sayar da katin waya. Giwa kuwa ko masu hoto sun daina zuwa. Sale ya fara zuwa da igiya yana auna faɗin wurina, wai kawai yana so ya san yawan kwanon da zai ƙara.

Saura wata biyu a fara biyan auduga ta biyu, wani mutum ya zo wurin Kawu da yamma, riga fes, magana ƙasa-ƙasa. Yana tambayar nawa za a sayi 'yan Indiya bakwai, duk na mutum ɗaya, suna kulle a gida a Marwa. Kawu ya faɗi kuɗin ranar. Mutumin ya runtse ido kamar an taka shi. Kawu ya tambayi mai su, ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba, ya tashi. Na bi shi har tasha na saya masa ruwan sanyi, muna hira har ya saki. Wani Alhaji Garba ne a unguwar Dugoy, babban ɗan kasuwar atamfa, ya zuba baburan ne ga 'yan kilando, hani ya zo aka dawo masa da su.

A hanyar komawa nake ta juya abin. Me ya sa ake ɓoye sunansa? Mu jikokin fatake mun san wannan ciwon. Ɗan kasuwa zai jure asara, amma ba zai jure a ce ya fara sayar da kayan gida da arha ba. Ranar da aka ga an fito da babura bakwai daga gidan Alhaji an kai kasuwa a rabin kuɗi, kafin la'asar Dugoy ta ce ya karye, kafin sati masu ba shi kaya daga Kano sun ji. Amma musaya fa? Musaya ba wanda ya san kuɗinta.

Na yi hayar a-kori-kura, na ɗora Giwa a baya, ban rufe ta da komai ba. Na daidaita tafiyar yadda zan shiga Dugoy ranar Juma'a daidai an sauko daga masallaci. Kafin mu tsaya a ƙofar Alhaji rabin unguwa na biye da mu, ana ta tambayar na wa ne. Na ce wa direba duk wanda ya tambaya ya ce Alhaji ne ya sa a kawo masa ya gani.

Alhaji ya fito, dattijo ne gajere mai farin gemu. Ya kalli babur, ya kalli taron, ya kalle ni, ya ce in shigo zaure. Ga baburan bakwai jere a bango, an lulluɓe su da tabarma. Na gaishe shi na ce ni yaron Kawu Mamuda ne, musaya na zo yi, Giwa da baburansa bakwai. Sannan na zayyana masa komai, don na riga na sha maganin ɓoye-ɓoye: tayarta sai an yi oda, ba ta shan zuwa-zuwa, agogonta mun taɓa, kuma in ya tashi sayarwa ba zai samu ko kuɗin ƙanana biyu ba. Ya saurara har na gama.

"Tana tashi?"

"Tana tashi, Baba, in an ba ta man gidan mai."

"Wa ya ce maka hawa zan yi?"

Ya ce zai ba ni biyar. Na ce to Baba, sauran biyun fa, wa zai kai su kasuwa, kuma da sunan wa? Sai ya fashe da dariya har yana riƙe gemu. Ya ce Mamuda ya iya kiwo. Ya yarda da bakwai ɗin duka, da takardunsu, amma kuɗin mota a kaina ne, kuma a fitar da su ta ƙofar gaba bayan an shigar da Giwa, ba kafin ba. Haka aka yi. Mutane takwas suka sauke ta ana kabbara, ina jin wani na gaya wa na kusa da shi wai Alhaji ya gaji da ƙananan kaya. Har yau tana zaurensa, ana goge ta duk Juma'a. Bara ya aiko a tambaye ni nawa za ta yi yanzu, na ce a gaishe shi kawai.

Na bi motar albasa na sauke su Garwa. Kawu ya duba su ɗaya bayan ɗaya, hankici da sifana, bai samu abin cewa ba sai a guda ɗaya mai ƙarar sarƙa. Amma bai yi murna ba. Ya ce na ba da gawa ɗaya na karɓo marasa lafiya bakwai, ga kasuwa a ƙasa. Sale ya ce ai gara Giwa ma, ita ko hoto ana yi da ita.

Ni kuwa akwai abin da na hango. Sababbin babura duk ta hanyar Mubi suke shigo mana, kuma hanyar ta rufe, wata biyu ba a sauke ko kwali ɗaya ba. Na Marwa da suka cika kasuwa an fara kwashe su ana yin kudu da su. Auduga kuwa ba ruwanta da rikici, ta yi kyau a gonakin Pitowa, kuma nan ba a hana hawa ba. Manomi zai karɓi kuɗinsa ya zo neman babur, sabo babu. Na zauna a kansu. Mutum biyu suka taya da arha na ce ba na sayarwa ba ne. Na canza wa kowanne mai, na gyara sarƙar nan, ina tayar da su duk safiya. Sati bakwai ina cin wake da shinkafa ba nama, ina kallon Sale yana kallona.

Lahadin farko bayan an fara biya, muka jera su a kasuwar Pitowa tun hantsi. Wallahi ban gama kafe na ƙarshe ba aka kewaye ni. Wani dattijo Bafulatani ya ɗora bayan hannunsa a inji, ya ji sanyi, ya ce in tayar. Bugu ɗaya. Ya tambayi kuɗi, na faɗi abin da ni kaina na ji kunyar faɗa, ya rage kaɗan don kar a ce bai yi ciniki ba, ya ce useko, godiyarsu ta Fulatanci, ya tura abinsa. Uku suka tafi ranar. Na ƙi sakin sauran, na ce sai wani sati. Lahadi ta biyu kuɗin ya ƙara hawa. Wani ya ɗauki biyu, shi da ƙaninsa, wani ya ɗauki ɗaya. Na ƙarshen, mai ƙarar sarƙar nan, mutum biyu suka riƙe masa ƙaho kowa na cewa shi ya riga, sai da sarkin dillalai ya raba su. Kafin azahar ba ni da ko babur ɗaya, sai makullin rumfa da jakar da na rungume da hannu biyu har Garwa. Abin da ke cikinta ya ninka jarin da aka yaye ni da shi sau biyu har da ɗoriya.

Saboda haka Hamza, in kana da kuɗin wasa kuma kana son iska ta buge ka a hanyar Ngaundare, sayi babba, daɗinsa ba a magana, na hau na sani. Amma ka sani ranar da ka biya, ranar ka yi sallama da yawancin kuɗinka. In kuwa sana'a kake nema, sayi abin da manomin Pitowa zai iya gyarawa a gindin bishiya.

Washegarin Lahadin nan, Litinin da safe, na zo na share wurina, fili fetal. Sale na zaune a benci. Kawu ya iso, ya kalli filin, ya ce wa Sale ya ci gaba da haƙuri da rana, Allah zai kawo wani wurin. Sannan ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Irin Alhajin nan, su nawa ne a Marwa?"

Na ce na san biyu, akwai kuma ɗaya a Bogo. Amma Kawu, Giwa ai ta tafi, me za mu kai musu?

Ya sosa gemu.

"Tsohuwar motar nan tawa da ke bayan gida, wadda kaji ke kwana a ciki. Ita ma 'yar Jamus ce. Kira Buba a wanke ta."